Karatun bayoloji a ƙaramar jami'a: yadda za ka fita da ilimi a hannu

Da yawa daga cikin masu karatun bayoloji ba shi suka nema ba. Likitanci suka cike a fom ɗin JAMB, ko harhaɗa magunguna, da sunaye suka fito sai suka tsinci kansu a sashen nazarin halittu. Kuma sau da yawa ba Zariya ko Kano aka tura su ba, ɗaya ce daga cikin sababbin jami'o'in nan: Dutse, Dutsin-Ma ko Kashere da aka kafa a 2011, ko Gashuwa, Gusau da Birnin Kebbi da suka biyo baya a 2013, ko wata jami'ar jiha irin ta Kafin Hausa. In kana cikinsu, ka yanke shawara da wuri. In za ka sake JAMB, ka sake. In za ka zauna, ka zauna da zuciya ɗaya, domin wanda ya kwashe shekarar farko yana jimamin abin da bai samu ba, makinsa ne zai sha wahala, kuma makin shekarar farko yana bin mutum har ranar fita.

Ga yadda lissafin yake. A yawancin jami'o'in Nijeriya maki 70 zuwa sama shi ne A, mai daraja 5, sai 60 zuwa 69 ya zama B mai daraja 4, a haka har ƙasa. Ana ninka darajar da nauyin kwas, a tara, a raba da jimillar nauyin kwasa-kwasan. Wanda ya ƙare da 4.50 zuwa sama ya fita da daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 kuwa babbar daraja ta biyu ce, wadda yawancin masu ba da tallafin karatu na gaba suke nema. Da yake tarawa ake yi, ramin da ka faɗa a aji ɗaya sai ka yi shekara biyu kana cike shi. Abin da ke jefa ɗaliban bayoloji a ramin kuwa ba bayoloji ba ne, kemistiri ne da fizis da lissafi, waɗanda suke ɗauka kwasa-kwasan wasu ne aka ɗora musu. Kada ka yarda da wannan tunani, musamman a kan kemistiri. Ranar da za a ce ka haɗa ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin ɗari, dole ka san giram 0.9 ake narkarwa a cika shi zuwa mililita 100. Ranar da za ka adana ƙwari kana buƙatar sifirit na kashi 70, alhali na kashi 95 ne a kwalba, dole ka iya lissafa cewa wajen mililita 74 za ka ɗiba ka cika da ruwa zuwa 100. Wanda ya iya irin wannan lissafin shi ake nema a kowane ɗakin gwaji.

Ƙaramar jami'a tana da rashi, babu amfanin ɓoyewa. Na'urori kaɗan ne, wuta ba ta zama, laburare bai cika ba, wani fannin ma malami ɗaya ne ke riƙe da shi. Amma tana da abu biyu da ɗalibin babbar makaranta yake nema ido rufe. Na farko, daga aji biyu, bayan an rabu da taron da ake haɗawa a manyan laccoci, malaminka zai iya sanin sunanka da rubutun hannunka. Na biyu, daji da gona da fadama suna bakin ƙofa. Ilimin halittu da ido da hannu ake koyonsa, kuma duk shawarar da zan bayar a nan a kan waɗannan biyun ta dogara.

Fara da ma'aikacin ɗakin gwaji. Shi ne mai makulli, shi ya san wace na'ura ce ke aiki da wadda ta mutu tun bara, kuma sau da yawa ya fi kowa iya aikin hannu a sashen. Ka gaishe shi yadda kake gaida babban malami. Ka zo kafin lokacin firaktikal ka taya shi jera kaya, in an tashi ka tsaya ka wanke kwalabe. Bayan 'yan makonni sai ka ce, "Malam, in babu aji ranar Alhamis, ko zan iya zuwa in duba wani abu a maikuroskof?" Da wuya a hana ɗalibin da aka ga yana tattalin kaya. Awa ɗaya kai kaɗai da na'ura ta fi firaktikal uku da mutum goma suke layi a kan guda.

Maikuroskof da hannu biyu ake ɗaukarsa, ɗaya a wuya ɗaya a ƙasa. In mai madubi ne, ka zauna kusa da taga ka karkato hasken sararin sama, kada ka taɓa fuskantar da madubin ga rana kai tsaye, zai iya lalata maka ido. Gilashin sama da ake sa ido yawanci ninki 10 ne, na ƙasa kuwa akwai mai ninki 4, da 10, da 40, da 100. Ninka na sama da na ƙasa shi ne girman da kake gani, wato 10 da 40 sun ba ka 400. Kullum da ƙarami ake farawa. Ka duba daga gefe ka kusanto da gilashin ga abin da za ka kalla, sannan ka sa ido ka riƙa nesanta shi a hankali da babban majuyi har hoton ya fito. Da zarar ka koma mai ninki 40, ka bar babban majuyi, ƙarami kaɗai za ka taɓa, in ba haka ba ka fasa silaid, wataƙila har ka kankare gilashin da sashen ba shi da kuɗin sayen wani. Mai ninki 100 sai da ɗigon mai na musamman, kuma ana goge shi nan take da takardar goge gilashi, ba da gefen riga ba.

Albasa ce malamar farko. Ka ɓare saɓa ɗaya, ka ɗago siririyar fatar da ke cikin lanƙwasarta, ka yanki ɗan ƙarami ka shimfiɗa a ɗigon ruwa. Gilashin rufi a karkace ake sauke shi: gefe ɗaya ya fara taɓa ruwan, ka tallafe ɗaya gefen da allura, ka sauke sannu a hankali. In ka sake shi ya faɗa gaba ɗaya, iska za ta maƙale, ka ga wasu zobba masu kaurin baƙin baki, waɗanda sababbin ɗalibai kan zana da murna suna zaton su ne ƙwayoyin halittar. Sai ka ɗiga aidin a gefe ɗaya na rufin, ka sa takarda mai tsotson ruwa a ɗaya gefen ta jawo shi ciki. Abin da zai fito jeri ne na ɗakuna masu tsawo kamar bulo a jikin katanga, kowane da ɗan dunƙulen cibiyarsa da ya fi sauran rina. Irin waɗannan ɗakunan Robert Hooke ya gani a ɓawon itace ya buga zanensu a 1665, kuma na'urarsa ba ta kama ƙafar wadda ke gabanka ba.

Daga nan kayan kallo ba sa ƙarewa, kuma kusan duk kyauta ne. Ka shafa jan farce marar launi a bayan ganye, ya bushe, ka ɗaye shi ka ɗora a silaid, za ka ga ƙofofin numfashin ganyen, kowace tsakanin ƙwayoyi biyu masu buɗe ta da rufe ta. Ka jiƙa busasshiyar ciyawa a ruwan kududdufi na 'yan kwanaki, ɗigo ɗaya zai nuna maka halittu masu ƙwaya ɗaya suna kai-komo. Gani ya kori ji, kuma abin da ka gani da idonka ba ya ɓace maka a ɗakin jarrabawa.

Duk abin da ka gani ka zana shi. Fensir mai tsini, layi guda marar yankewa, babu shafa inuwa, layukan suna da rula kuma kada su gitta juna, take da girman ninki a ƙasa. Babbar doka ita ce ka zana abin da ke gabanka, ba wanda ka haddace a littafi ba. In ƙwaya uku ce ta fito sosai, su za ka zana. Ɗaukar hoto da waya ta bakin gilashin sama yana da amfani, ka yi, amma ba ya maye gurbin zane, saboda zane ne ke tilasta maka lura da kaurin bango da inda cibiya ta zauna.

Ka sayi littafin rubutu mai kaurin bango na fita daji, daban da na lacca, ka riƙa rubutu da fensir don ruwa ba ya wanke shi. Kowace fita ka fara da kwanan wata, da wuri, da lambobin wurin daga wayarka, da yanayin ƙasa: jigawa ce ko fadama, gona ko saura. Sannan ka haɗa matsin tsirrai, wanda bai wuce katako biyu da tsofaffin jaridu da kwali da igiya ba. Tsiron da za ka ɗauka ya kasance da fure ko 'ya'ya, domin ganye kaɗai da wuya ya isa a gane shi, in ƙaramar ciyawa ce ka tono ta har saiwa. Ka shimfiɗa shi a jarida, ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, ka sa kwali, ka ɗaure tamau. A kwanakin farko kullum ake canja jaridar, in ba haka ba ya yi fumfuna, musamman da damina. Launin fure da ƙamshi da tsawon bishiya duk a littafi za ka rubuta su tun a wurin, saboda bushewa za ta tafi da su. Kowane samfuri da lambarsa, lamba ɗaya a littafi da jikin jarida. Daga Agusta zuwa Oktoba ne yawancin ciyayi ke fure, kada hutu ko jarrabawa su sa lokacin ya wuce ka.

A nan ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa yana da gata babba. Ka riga ka san kuka da tsamiya da aduwa da magarya da ɗorawa, aikin da ya rage shi ne ka haɗa su da sunayensu na kimiyya da danginsu, ka san kuka ita ce Adansonia digitata, aduwa kuma Balanites aegyptiaca. Abin da ba ka sani ba, makiyayi da manomi da mai maganin gargajiya sun sani. Ka tambaye su cikin ladabi, ka rubuta sunan da suka faɗa da garin da aka faɗa maka, don suna yakan bambanta daga Sakkwato zuwa Haɗeja. Da irin wannan tambaya wani likita mai suna J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, kuma har yau masana na komawa ga aikinsa. Manomi zai gaya maka gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo. Kai kuma aikinka ne ka gano dalili: gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, kuma dangin wake ne masu ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Tsiron da ya gagare ka ganewa, ka kai shi ma'adanar busassun tsirrai irin ta Jami'ar Ahmadu Bello, a tantance shi a ba ka lambar shaida.

Haka dabbobi. Ka ɗebo ruwa daga tsohuwar taya da kuma daga ɗan kududdufin ruwan sama mai haske, ka zuba a farin kwano ka jira ya natsu. Tsutsar sauron Anopheles, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, a kwance take zama daidai da saman ruwa, ta Culex kuwa a rataye take, kai ƙasa, tana shaƙar iska da ɗan bututu a wutsiya. In kana Gashuwa ko Dutse ko Kafin Hausa, dausayin Haɗeja da Nguru bai yi maka nisa ba, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da sanyi, inda kuma kacalla ke toshe hanyoyin ruwa tana hana noma da su. Masu bincike daga ƙasashen waje kuɗi suke kashewa su zo wurin.

Batun karatun littafi gajere ne. Takardun da malami ya raba za su iya kai ka ga cin jarrabawa, amma ba za su ishe ka ba. Littattafan OpenStax na bayoloji kyauta ne a intanet, ka sauke su a waya lokacin da ka sami sabis mai kyau, PubMed da AJOL kuma suna da dubban maƙaloli da ba a biya. Bayan ka karanta babi, ka rufe littafin ka zana abin daga ka, sannan ka bayyana wa abokinka da Hausa. In ka iya fahimtar da ƙanwarka dalilin da ya sa idan AS ya auri AS kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, ba wai ɗa ɗaya cikin kowane huɗu ba, to ka gane abin da Mendel ya gano a lambun wakensa ya buga a 1866. Darasin ka'idar Darwin ta sauyawar halittu ma zai zo, kuma wasu sukan ji ba daɗi. Shawarata ita ce ka karanci abin da ka'idar ta faɗa da hujjojinta da kyau, domin da ita ake bayanin yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin har aka canja magani, da yadda sauro ke jure wa maganin feshi. Masanin halittu ba zai yi aiki ba tare da ita ba.

A aji uku yawancin jami'o'i suna tura ɗalibai SIWES, shirin koyon aiki da hukumar ITF ta fara a 1973. Kada ka zaɓi wuri don yana kusa da gida ko don za a sa maka hannu ba tare da ka je ba. Wannan ce damarka ta taɓa na'urorin da makarantarka ba ta da su. Akwai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da tashar IITA ta Kano, da cibiyar binciken cutar sammore ta Kaduna, da ta lafiyar dabbobi ta Vom, da ta kifi ta New Bussa, da ta Tafkin Cadi a Maiduguri. Ka fara kai takarda watanni kafin lokaci, ka nemi malamin da ya san wani a can ya yi maka magana.

Furojet na aji huɗu shi ne inda duk wannan ke haɗuwa, kuma tun aji uku ya kamata ka fara tunaninsa. Ka nemi ƙaramar tambaya wadda kayan da ke hannunka da lokacin da ke gabanka za su iya amsawa. Aikin da sai da damina ake yinsa ba zai yiwu ba in zangon karatunka ya faɗa a rani. Ɗauki misalin tambaya ko garin ƙwallon darbejiya yana kare wake daga ƙwari a ajiya. Ka sami wake mai tsabta, ka sa shi a firiza na 'yan kwanaki don kashe ƙwai da tsutsar da ke ɓoye a ciki. Ka auna giram 50 a kowace kwalba, ka sa garin a mataki uku daban-daban, ka bar wasu kwalaben babu komai. Waɗannan na babu komai su ne ma'auninka, in babu su aikin duka ya tashi a banza, don ba ka da abin kwatantawa. Kowane mataki ya sami kwalba aƙalla uku, huɗu ko biyar sun fi. Ka zuba ƙwari adadi ɗaya a kowace, sababbin fitowa, maza da mata, ka rufe da yadi mai shan iska, ka jera kwalaben ta hanyar ƙuri'a don kada na mataki ɗaya su taru a bakin taga. Sai ƙirga: ƙwan da aka nasa a jikin wake, ƙwarin da suka fito bayan mako uku zuwa huɗu, ramukan da suka huda, nauyin da waken ya rasa. Tun kafin ka zuba ƙwaro na farko ka zauna da malaminka ku yanke irin lissafin ƙididdigar da za a yi, domin shi zai faɗa maka yawan kwalaben da kake buƙata.

In aikinka ya shafi mutane, misali duba tsargiya a fitsarin 'yan makaranta, doka ta ƙaru. Sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da na hukumar makaranta da mai gari, da yardar iyaye. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ake karɓar fitsarin, lokacin da ƙwan ya fi fita, za ka gane shi da ɗan tsinin da ke ƙarshensa. Yaron da ka samu da cutar haƙƙinsa ne a sanar da iyayensa a haɗa shi da asibiti, ba a bar shi ya zama lamba a teburinka ba. In kuwa ƙwayoyin cuta za ka shuka, ka san zafin digiri 121 na minti 15 ake buƙata don tsarkake kaya, kuma tukunyar matsi ta girki tana iya kusantar haka in babbar na'ura ba ta aiki, amma ka bari ma'aikacin ɗakin ya nuna maka. Ba a ci ba a sha a wurin, ba a zuƙar ruwan gwaji da baki.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi: kada ka ƙirƙiri lamba, kada ka sayi furojet. In garin darbejiyar bai yi aiki ba, ka rubuta bai yi ba, ka kawo dalilan da kake zato. Wannan ma sakamako ne, kuma wani manomi ko wani mai bincike zai iya dogara da abin da ka rubuta. Kowace rana ka ɗauki hoton shafin da ka cike ka tura wa kanka ta imel, ka riƙa rubuta babin hanyoyin aiki tun kana yinsa, kafin ka manta nawa ka auna.

Ka san kuma iyakar takardar da za ka fita da ita. Digirin bayoloji ba ya ba ka lasisin aikin gwajin asibiti, wannan na waɗanda suka karanci fannin ne suka yi rajista da hukumarsa. In koyarwa kake so, sai ka ƙara difilomar ilimi ta PGDE ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Ƙofofin da suka fi buɗuwa su ne digiri na biyu a fannin ƙwari, ƙwayoyin cuta, kifi, tsirrai ko lafiyar al'umma, da cibiyoyin bincike, da ƙungiyoyin da ke aikin zazzaɓin cizon sauro da muhalli. Mai son tsuntsaye ya binciki cibiyar APLORI da ke Jos, wadda ke horar da ɗaliban digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. Kusan duk waɗannan za su nemi wasiƙar shaida daga malamai biyu ko uku. Ka zaɓi waɗanda suka ga aikin hannunka, ka sanar da su aƙalla mako biyu kafin ranar rufewa, ka kai musu kwafin sakamakonka da taƙaitaccen bayanin furojet ɗinka da sanarwar abin da kake nema, sannan ka tuna musu cikin ladabi in saura kwana uku.